Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Shugaban Ƙaramar Hukumar Shagari: In Masai Ya Cika, Ina Za a Kai Abin da Ke Ciki?

Ranka shi daɗe,

Na rubuto ne a kan maganar da ba a cika son ɗauko ta a zauren manya ba, wato maganar bayan gida. Na san akwai abubuwan da suka fi ta zafi a teburinka, ga tsaro, ga taki, ga albashi. To amma ita ma tana cin rai, kuma tana cikin ayyukan da tsarin mulkin 1999 ya ambata da suna ya ɗora a wuyan ƙaramar hukuma. Jadawali na huɗu ya lissafa kasuwanni da tashoshin mota da makewayin jama'a da kwashe ƙazanta. Ba sai an jira Abuja ko gidan gwamnati a Sakkwato ba. Tun da kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli, 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, talaka ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa, ko da yake aiwatar da hukuncin yana tafiyar hawainiya.

A watan Nuwamba na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan umurni mai lamba 009, wanda ya ɗiba wa Nijeriya wa'adin 2025 ta daina bahaya a fili. Binciken ƙasa na 2021 ya nuna wajen mutum miliyan 48 suna yi a waje. Jigawa ta ciri tuta a Oktoban 2022, ta zama jiha ta farko da aka tabbatar ta rabu da wannan al'ada. Duk wa'azin da ake yi a rediyo da wurin taro bai wuce a haƙa masai a yi amfani da shi ba, kuma gaskiya ne, sai an haƙa ɗin. Sai dai rami cika yake yi. Na gida yakan ɗauki shekaru, na makaranta da kasuwa da tasha ba ya jimawa. Ƙidayar 2006 ta ba Shagari mutum sama da 156,000, Boɗinga sama da 175,000, yau kuwa Allah kaɗai ya san yawanmu. Duk ranar da aka yi nasarar tura wannan jama'a cikin masai, an tara ƙazantarsu ke nan wuri ɗaya, ta zauna jiran ranar da za a kwashe ta.

Ka san yadda kwasar take. Mutanen nan da a Kano ake ce musu “gidan kowa da akwai” su zo da dare ko da jijjifi, da bokiti da igiya da shebur. A fasa murfin, a tsiyaya kananzir don wari ya lafa, ɗaya ya naɗe wando ya sauka, ba takalmin roba, ba safar hannu, sai tsumma a hanci. Na taɓa tsayawa bayan wata makarantar firamare, ba sai na faɗi ta wane gari ba, washegarin irin wannan aiki. An haƙa ɗan rami a gindin katanga an juye, an rufa da ƙasar da ba ta kai taƙi ɗaya ba. Da hantsi kaji sun tone gefe, ƙuda ya yi baƙi a wurin, mai tallar awara kuma tana zaune da farantinta a inuwar wannan katangar, yara na miƙo kuɗi ta saman gini. Inda babu filin haƙa rami, sai a loda a durom a kai kududdufi ko bayan gari, wani lokaci manomi ya roƙa a juye masa a gona ɗanye. Ruwan farko na damina ya kwashe, ya gangara fadama, ya bi rijiyoyi, wani ya ƙare a madatsar ruwan Shagari inda ake wanka da wanki da shayar da dabbobi.

Abin da ke cikin wannan lodi ba sai an tsoratar da kowa ba. A 2021 hukumar daƙile cututtuka ta ƙasa ta ƙirga mutum sama da 111,000 da ake zaton sun kamu da kwalara, sama da 3,600 suka riga mu gidan gaskiya, kuma Sakkwato na cikin jihohin da abin ya shafa. A Nuwamban 2024 ma'aikatar lafiya ta jiha ta sake ba da sanarwar ɓullarta a Sakkwato ta Arewa da Kware da Silame. Silame kuwa ba wata duniya ba ce daga nan. Ga taifot, ga atuni. Amma wanda ya fi kowa taurin kai shi ne ƙwan macijin ciki. Macen wannan tsutsa guda ɗaya tana zuba ƙwai wajen 200,000 a rana a hanjin yaro, kuma ƙwan yana da ɓawo mai kauri da zai sa ya yi shekaru a ƙasa da ransa. Shi ya sa za a raba wa 'yan makaranta maganin tsutsa bana, baɗi cikin ya sake kumbura. Masana sun mai da wannan ƙwai ma'auni: in ya mutu, sauran sun daɗe da mutuwa.

Abin da mutanenmu ke zubawa a masai ba ya taɓa shi. Kananzir da baƙin mai wari suke dannewa, su kuma gurɓata ruwan ƙasa. Gishiri asarar kuɗi ne. Ruwan bilic yana da amfani a kan daɓe da hannu da bokiti, amma in ya shiga cikin ƙazanta mai kauri ƙarfinsa yana ƙarewa tun a saman. Toka ce mai ɗan dama, domin tana busarwa tana korar ƙuda, amma sai an zuba da yawa an kuma ba ta watanni.

Maganin da nake so ka duba yana cikin kowane shagon taki daga Kajiji zuwa Dandin Mahe. Yuriya ce, farar nan mai kama da sukari da muke barbaɗa wa masara da shinkafa. Sinadarin da ke cikin buhun shi ne dai wanda jikin mutum ke fitarwa a fitsari. Duk wanda ya taɓa shiga lungun da ake yawan fitsari, ko ya share turken awaki da aka daɗe ba a share ba, ya san wannan warin mai yaji da ke soka hanci ya sa ido ƙwalla. Amoniya ke nan. Idan aka cuɗa yuriya da bayan gida, ƙwayoyin halittar da ke ciki su da kansu suke farfasa ta su mai da ita amoniya, cikin 'yan sa'o'i zuwa kwana kaɗan. Sai lodin ya karkata ɓangaren kanwa, ma'aunin da ake kira pH ya hau zuwa wajen 9. A wannan mataki wani kaso na amoniyar yana zama a sake, ba ya ɗaure da komai, kuma a haka yake ratsa fatar ƙwayar cuta, har ɓawon ƙwan macijin ciki, ya lalata abin da ke ciki. Ƙwayoyin cutar su ne ke haɗa gubar da za ta kashe su.

Wannan ba labarin shaci-faɗi ba ne. A jami'ar aikin gona ta ƙasar Suwidin da ke Uppsala, Björn Vinnerås da Annika Nordin sun shafe shekaru suna aunawa, kuma a kan haka Nordin ta rubuta kundin digirinta na uku a 2010. Sun gano ƙwayoyi irin su salmonela suna mutuwa cikin kwanaki. Ƙwan macijin ciki kuwa ya danganta da zafi: a wajen digiri 34 makonni yake ɗauka, in sanyi ya yi yawa sai a yi watanni yana nan daram. A kan wannan bincike aka ƙera wata 'yar jakar bahaya mai suna Peepoo, mai ɗauke da yuriya kamar cikin cokalin shayi, aka yi amfani da ita a unguwar Kibera ta birnin Nairobi. Kamfanin da ke ƙera ta bai iya riƙe kansa da ciniki ba, amma ba don yuriyar ta kasa aikinta ba. A Blantyre ta ƙasar Malawi kuma an gwada a kan ainihin abin da aka kwaso daga masai, an buga sakamakon a 2015, kuma kafin mako biyu ƙwayar da ake bibiya ta sauka ƙasa da iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya.

Dubi maganar zafin nan da kyau, ranka shi daɗe. Turawan da suka gano dabarar sai sun kunna na'urar ɗumama kafin su samu digiri 34. Mu kuwa a watan Afrilu inuwa ma takan wuce 40, balle baƙin durom da aka girke a rana. Zafin Sakkwato da muke kuka da shi kowace bazara, a wannan aiki ɗaya jari ne da ba mu biya ko kwabo ba. Da hunturu ne kawai za a ƙara wa lodin kwanaki.

Lissafin ma ba mai wuya ba ne. Abin da aka fi amfani da shi shi ne yuriya wajen kashi 2 cikin 100 na nauyin ƙazantar. Durom mai cin lita 200 zai ci kilo 4 ko ƙasa da haka, tun da ba a cika shi fal, ana bar wa iska wuri. Buhu ɗaya mai kilo 50 zai ishi durom goma sha biyu. Na san abin da akawun ƙaramar hukuma zai ce: yuriyar da manomi ke nema ido rufe, a zuba ta a kashi? Amsar ita ce ba ta ɓace ba. Kashi 46 cikin 100 na yuriya sinadarin naitirojin ne, abincin da shuka ke nema, kuma muddin murfin yana rufe yana nan a ciki. Buhun da za a kai gona dama, ya biya ta masai ne ya yi aiki, ya isa gonar tare da ƙarin taki. Kuma ba daga waje ake shigo da ita ba, ga Indorama a Eleme, ga masana'antar Dangote a Lekki da aka buɗe a Maris ɗin 2022.

In wani ya ce ai Bahaushe ba zai yarda ba, a tura shi Maraɗi, gani ya kori ji. A yankin Agye, daga wajen 2008, an yi wani shiri da asusun IFAD ya ɗauki nauyi, inda ɗaruruwan gidaje suka riƙa tara fitsari a jarka, su toshe bakin, su ajiye har amoniyar da ke cikinsa ta tsabtace shi. Suka sa masa suna takin ruwa. Bayan haka matan ƙungiyar manoma ta Fuma Gaskiya, tare da Hannatou Moussa ta cibiyar binciken noma ta Nijar, INRAN, suka gwada irin wannan a gonakin gero daga 2014 zuwa 2016, gwaji 681. Suna ajiye jarkar wata biyu zuwa uku. Amfanin gona ya ƙaru da kusan kashi 30 cikin 100. Matan nan harshenmu suke yi, sallarmu suke yi, jigawar da suke nomawa irin tamu ce. Babu ko buhun yuriya a nasu aikin, domin fitsari da nasa yake zuwa. Wannan kaɗai ya isa a fara da shi a makarantun maza, inda raba wurin fitsari da na bahaya bai wuce bututu da jarka ba.

Yanzu ga inda nake roƙon a yi hattara, domin na san halinmu: magana ta fita da safe, da yamma ta zama “an ce a zuba yuriya a masai”. Kada a yi wannan shela. Amoniya iska ce, rami a buɗe ba ya riƙe ta. Za ta fice ta baki da ta bututun iska, a yi asarar taki, ƙwan tsutsa yana kwance lafiya lau. Yaron da ya tsuguna ido ya yi masa yaji, gobe bayan katanga zai koma, an ɓata goma ɗaya ba ta gyaru ba. Ramin da ba a ɗaure da siminti ba kuma zai tsiyayar da sinadarin zuwa rijiya, kuma ruwan da ya yi yawan naitiret haɗari ne ga jarirai, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da iyakarsa a miligiram 50 cikin lita. Mafi muni, in amoniya ta haɗu da ruwan bilic irin su Hypo da Jik, hayaƙi mai guba ke tashi, wanda zai iya kwantar da mutum a ɗan ƙuntataccen bayi. Matan da ke wanke makewayi su ne za su fara shaƙa. Wannan aiki na rufaffen mazubi ne, a hannun wanda aka koya wa, a wurin da aka keɓe.

Abin da nake nema bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba. A samu fili ɗaya a kan tudu, nesa da rijiya da fadama da madatsa, a kewaye shi. A sa duromomi masu murfi mai zobe, ko a gina tankuna biyu na siminti da za a iya toshewa. A fara da makewayin kasuwa da na tashar Shagari da makarantu biyu ko uku, kada a ce za a game mazaɓu goma a tashi ɗaya. Duk lodin da aka kwaso a kawo nan, a auna, a zuba yuriya, a juya da kyau da muciyar ƙarfe har ta gauraye, a rufe, a rubuta ranar da fenti a jikin durom. In lodin ya bushe da yawa a ɗan ƙara ruwa, domin ba ta narkewa a busasshe. Duba-gari shi zai riƙe littafi, da 'yar takardar auna pH da ba ta da wani tsada. Ni dai da ni ne, ba zan bari a buɗe ba sai bayan wata biyu a bazara, uku a hunturu, har sai awo ya nuna za a iya ragewa.

Awon nan shi ne ƙashin bayan aikin. Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana nan kusa, da malaman ƙwayoyin cuta da na ƙasar noma, da ɗalibai masu neman abin da za su rubuta kundi a kai. A kai musu samfuri ranar rufewa da ranar buɗewa, su ƙirga ƙwan da ya rage da rai. Abin da aka samu a Uppsala da Blantyre alama ce mai kyau, amma namu masan cike suke da yashi da toka da leda da tsumma, sai mun auna namu. Kowane irin sakamako aka samu a faɗa wa jama'a. In ya nuna ba ta yi ba, to mun rage da tsohuwar hanya, ita ce rami biyu, a rufe wanda ya cika a bar shi shekara ɗaya zuwa biyu. Wannan ma ya kamata ya zama sharaɗi ga duk ɗan kwangilar da zai gina sabon makewayin gwamnati, tare da ɗaure ramin da barin ƙofar kwasa. Hukumar ruwa da tsabtar karkara ta jiha, RUWASSA, tana da hannu a irin wannan gini, a jawo ta tun farko. Takwaranka na Boɗinga kuma hanya ɗaya kuke bi zuwa Sakkwato, in kun haɗa kuɗin awo da na horo zai zo muku da sauƙi, Sifawa da Dancaɗi su amfana yadda Lambara da Jareɗi za su amfana.

Masu kwasar su ne ban so a manta. Mun iya kiransu da dare, da rana mu kau da kai. A rubuta sunayensu, a ba su takalmin roba da safar hannu da abin rufe ido da hanci, a biya su wani abu a kan kowane durom da suka kawo filin. In ba a biya ba, kududdufi ya fi kusa, can za su ci gaba da kaiwa, kuma ba zan ga laifinsu ba.

Sai maganar najasa, wadda na san za ta taso tun kafin a sauke durom na farko. Ni ba mai fatawa ba ne, kuma ƙasar da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna a Boɗinga ba ta rasa malamai ba. Abin da ɗalibi ya sani shi ne littafin Muhtasar na Halil ya lissafa shukar da ta tsiro da najasa cikin abubuwa masu tsarki, sayar da ita najasar kuwa malaman mazhabarmu sun yi saɓani a kai. Don haka a tara limamai da hakimai a shimfiɗa musu maganar kafin a fara, ba bayan an gama ba. In sun ga sayarwa da matsala, a bayar kyauta, a karɓi ladan dako. Haramcin ɓata hanya da inuwa da mashayar jama'a kuwa babu mai jayayya a kansa, kuma shi muke aikatawa duk daren da aka juye durom a kududdufi.

Ko bayan awo ya yi kyau, kada a kai wannan taki kan latas da kabeji da tumatir da albasa, abin da ake ci ɗanye. A ba gero da dawa da itatuwa, a binne shi a ƙasa nan take don kada amoniyar ta tashi ko ta ƙona ganye, a bar aƙalla wata guda tsakanin zubawa da girbi. Gonar gwaji ɗaya a bakin titin Sakkwato zuwa Jega, rabi da takin rabi babu, za ta fi kowace shela tasiri. Marigayi Turakin Sakkwato, Alhaji Shehu Shagari, kafin siyasa malamin kimiyya ne a Midil ta Sakkwato, da ya hau mulki kuma noma ya sa gaba. Ba zai zama abin mamaki ba a ce garinsu ne ya fara auna irin wannan a jihar.

Lokacin aikin ma ya dace da kalandar manomi. A kwashe a Fabrairu da Maris, lodin ya sha zafin Afrilu da Mayu a rufe, sakamakon awo ya fito, a kai gona kafin shukar Yuni, ramukan kuma su shiga damina ba a cike ba. Don haka roƙona shi ne a sa kuɗin fili da duromomi da buhu goma na yuriya da kayan kariya da awo a kasafin da ke tafe, kuma a ɗora wa shugaban sashen lafiyar muhalli alhakin kawo maka rahoto a rubuce kafin ruwa ya sauka.

Allah shi ba ka ikon yi, shi kare mu da zuriyarmu daga annoba. Wassalam.

Naka,
Wani tsohon malamin makaranta daga ƙasar Shagari